Shekara huɗu a jingine, yanzu ba ya aiki sai da cok

Mai Gadon CG:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawarar masu sana'a nake nema. Yayana ya bar mini babur ɗinsa, Honda CG125 tsohon yayi, wanda ya shekara huɗu a ɗakin ajiya ba wanda ya ko taɓa shi. Ranar da aka jingine shi lafiyarsa ƙalau, da ƙafarsa ya shiga, kuma da mai kusan rabin tanki. Makon jiya na fito da shi, na wanke, na sa sabon batir da sabon fulogi, na ƙara fetur lita biyu a kan wanda na tarar. Sai da na yi kik kusan ashirin sannan ya tashi. To ga inda gizo ke saƙar: ba ya aiki sai da cok. Ina mayar da cok sai ya yi tari biyu ya mutu. In na murɗa totur a hankali, nan ma mutuwa yake. Amma in na fizge shi ya wuce wani wuri, sai ya ɗauka ya yi ta ruri kamar ba shi ba. Ba na so in kai a yi mini, so nake in koya da hannuna. Daga ina zan fara?

Mai Gaggawa:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa kada ka wahalar da kanka. Cire kafiretar ka jefar, ka sa sabuwa. Minti talatin ka hau abinka.

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin komai, daina tayar da shi. Abu uku nake so ka duba ka dawo mini da amsa. Buɗe tanki ka shinshina, wane irin wari kake ji? Ka tsiyayo kaɗan a kwalba mai haske ka ga launinsa. Sannan ka zaro ma'aunin baƙin mai, ka ga ko ya haura alama, ka shinshina shi ma. Af, na huɗu: da ka fito da shi, famfon mai a buɗe ka same shi ko a rufe?

Mai Gadon CG:
Baba na duba. Warin ba na fetur ba ne sosai, ya fi kama da na tsohon fenti, mai tsami-tsami. Launinsa ja-ja ne, da ɗan gari a ƙasan kwalbar. Baƙin mai ya wuce alamar sama, ya tsinke, kuma warin fetur yake yi. Famfo kuwa a buɗe na tarar da shi.

Tsohon Bakanike:
To ka gama ba ni labarin babur ɗinka kaf.

Fetur ba ya son zama. Ɓangarensa mara nauyi, wanda shi ne ke saurin kama wuta da safe, shi ke fara gudu ya bi iska. Abin da ya rage sai iska ta yi ta cin sa har ya koma danƙo kamar ƙaro. Kofin da ke ƙasan kafireta ɗan mai kaɗan yake ɗauka, kuma yana da hanyar shan iska, don haka can ake fara ƙafewa. Da a ce famfo a rufe yake, kofi ɗaya ne zai ƙafe a huta. Amma naka a buɗe yake: ya ƙafe tanki ya sake cikawa, ya ƙafe ya sake cikawa, shekara huɗu ana tara danƙo a wuri ɗaya. Ƙarin da ka gani a baƙin mai kuma fetur ne ya tsallake allurar fulota, wadda ke rufe hanyar mai in kofi ya cika, ya gangara silinda, ya bi ta gefen ringi ya sauka ƙasa. Wannan man ba ya kare komai yanzu. Juye shi ka sa sabo kafin ka sake yin kik ko ɗaya.

Maganar cok kuwa, ka ɗauka cewa kafireta hanya uku take ba injin mai. Daga silo zuwa kusan kwatan totur, ƙaramin jet ne ke aiki, wato ɗan sukurun tagulla mai siririn rami da mai ke bi. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, doguwar allurar nan da ke rataye a jikin fistin ɗin kafireta ce ke mulki. Daga nan zuwa ƙarshe sai babban jet. Da ka ce in ka fizge totur yana ɗauka, ai ka gaya mini babban jet yana wucewa. Da ka ce yana mutuwa a silo, ka gaya mini ƙaramin ya toshe. Cok yana rage iska ne ya sa injin ya zuƙo mai da ƙarfi ta wata ƙofa, shi ya sa yake rufa wa ƙaramin jet asiri. Cikin goma irin wannan da suka zo hannuna, ba na jin biyu sun fita daga wannan layi.

Ɗalibin Injiniya:
Ƙari a kan bayanin Baba. Kafireta ba ta da famfon da ke tura mai zuwa jet. Maƙogwaronta ya tsuke a tsakiya, iska in ta zo wurin sai ta ƙara gudu, matsinta ya ragu, sai iskar da ke danne man cikin kofi ta turo shi sama ta cikin jet. Ana kiran wannan matsattsen wuri da sunan Venturi, wani masanin Italiya. Gwargwadon da fetur ke ƙonewa tsaf shi ne kusan kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, ta fuskar nauyi. Sannan in man da aka bari na E10 ne, wato mai kashi 10 cikin ɗari na itanol, shi itanol yana jan danshi daga iska. In ruwan ya yi yawa sai su rabu da fetur su kwanta a ƙasan tanki, su fara cin ƙarfe.

Mai Sifana Goma:
Malam ɗalibi, shi fa babur yake so ya hau, ba jarrabawa zai rubuta ba. Mai Gado, ga ta gajeren zango: cire robar filtar iska, ka tayar da shi, ka ja totur sosai, sai ka toshe bakin kafiretar da tafin hannu ka saki kafin ya mutu. Yi haka sau huɗu ko biyar. Zuƙar tana fizge dattin. In ya rage kaɗan ka ɗan ɗaure sukurun silo ya tsaya.

Tsohon Bakanike:
Dabarar tafin hannu na san ta, na yi ta a bakin hanya ba sau ɗaya ba. Tana aiki in ɗan ƙwayar yashi ne ya tsaya a jet. Danƙon shekara huɗu ba ya fizguwa, sai an jiƙa shi. Ɗaure sukurun silo kuma shi ne abin da ba na so ya koya. Sukurun nan ɗaga fistin kawai yake yi. Ka ɗaga shi har injin ya fara shan mai ta hanyar allura, sai ka ga ya tsaya a silo ka ce an gyara. Gobe da safe ba zai tashi ba, in ya yi zafi kuma ya dinga ihu a tsaye, giya tana shiga da ƙara. An rufe tukunya ne kawai.

Ɗana, cire kafiretar. Rufe famfo, ka sassauta sukurun da ke gindin kofi man ya tsiyaye, ka kwance murfin sama ka zaro fistin da allurarsa a bar su rataye a kebur, sannan notina biyu na wajen injin da ɗaurin robar baya.

Hattara da sukurorin kofi. Na baburan Japan kansu kamar na sukundireba mai tauraro ne, amma yankansu daban, JIS ake ce masa, sau da yawa za ka ga ɗan ɗigo a kan sukurun. Sukundireba ta gama-gari tana zamewa ta cinye kan. In ba ka da ta JIS, nemi wadda ta zauna daram, ka danna da ƙarfi, ka ɗan buga gindinta sau ɗaya kafin ka murɗa.

Sai sukurun daidaita mai, ɗan siririn nan na tagulla. Kada ka fitar da shi kai tsaye. Fara ɗaure shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ya taɓa ƙasa, taɓawa kawai, ban da matsewa domin bakinsa kamar allura yake, yana karyewa a ciki. Rubuta adadin. In ka fitar da shi, abu uku ke biye da shi: sifirin, 'yar ƙaramar washa, da zoben roba. Biyun ƙarshe sukan maƙale a cikin rami, ka leƙa da tocila ka zaƙulo su.

Uwar Biyu:
Ni ba bakanikiya ba ce, amma na taɓa buɗe ta ƙaramin babur ɗina, kuma na sha wuya kafin na mayar. Ƙanena, ɗauki hoto da waya a kowane mataki. Yi aikin a cikin faffaɗan tire mai baki, ban da kan ƙasa. Ka yi a waje inda iska ke kaɗawa, nesa da wuta da masu shan taba. Maganin feshin nan na wankin kafireta kuma, in ka fesa a rami ɗaya ta wani ramin yake fitowa, kuma ko da yaushe idon mutum yake nema. Sa tabarau.

Mai Gadon CG:
Na gode Yaya, na bi shawararki. Na buɗe. Wallahi abin da na gani a kofin nan ba kyan gani: ƙasansa kore-kore da wani danƙo ruwan ƙasa, fulota ta manne sai da na taɓa ta da yatsa ta motsa. Sukurun mai zagaye biyu saura kwata na ƙirga, kuma yana ɓangaren injin ne. Babban jet lambarsa ta fito, ina hango haske ta cikinsa. Ƙaramin an rubuta 38 a jikinsa, na ɗaga shi saitin rana ban ga komai ba, ko ɗigon haske. Na fesa magani ya dawo mini. In zura allurar ɗinki?

Mai Sifana Goma:
Zura mana. Ko silin wayar burki guda ɗaya. Shekara nawa muna yi.

Ɗalibin Injiniya:
Don Allah kada ka zura. Lambar nan 38 a jet ɗin Keihin, kamfanin da ke ƙera kafireta, tana nufin faɗin ramin kusan milimita 0.38 ne. Jet tagulla ne, allura ƙarfe ce, ta fi shi tauri. A ce ka buɗe ramin ya koma 0.42, ido ba zai ga bambanci ba, amma filin ramin ya ƙaru da fiye da kashi 20 cikin ɗari, saboda fili yana tafiya ne da faɗi sau faɗi. Daga nan babur ya dinga baƙanta fulogi a silo, ba kuma sukurun da zai mayar da ƙarfen da aka kankare.

Mai Sifana Goma:
Kai yaro, jet nawa ka taɓa riƙewa a hannunka? A takarda komai mai sauƙi ne. Mutum yana tsaye a kanka yana jiran babur ɗinsa, za ka ce masa ya dawo gobe jet yana wanka?

Ɗalibin Injiniya:
Oga ban raina ƙwarewarku ba. Amma wannan ba mai jira a kansa, babur ɗinsa ne, ya jira shekara huɗu, kwana ɗaya ba zai kashe shi ba. Kuma waɗanda aka zura wa waya ba sa dawowa su ce jet ya buɗe, cewa suke babur ya cika shan mai, sai a ɗora laifin a kan ringi.

Shugaban Zaure:
Jama'a a yi muhawara a kan jet, a bar shekarun juna. Duk wanda ya sake cewa yaro ko tsoho da sigar gori zan goge.

Tsohon Bakanike:
Kowannenku da gaskiyarsa, amma ɗalibi ya fi kusa. Ni ma ina zura abu a jet, ba zan yi ƙarya ba, sai dai abin da ya fi tagulla laushi: sili ɗaya na jan ƙarfen da ke cikin wayar lantarki, ko gashin buroshin roba. Kuma ba a bushe ba. Jiƙa jet ɗin a cikin maganin wanki ya kwana, da safe ka zura silin a hankali kana juyawa, ka fesa, ka busa. Ka duba ƙananan ramukan da ke gefen jikinsa su ma, da na bututun da babban jet ke ɗaure a kai. In ya ƙi buɗewa, sayi sabon jet mai lamba ɗaya, kada ka yi faɗa da shi.

Ga inda mutane da yawa ke faɗuwa: su wanke jet ya yi ƙyalli, su manta cewa jet ƙofa ce kawai, bayanta akwai lungu a cikin gangar jikin kafiretar. Sa bakin tsinken feshi a ramin da ƙaramin jet ya fito, ka toshe ramin sukurun mai da yatsa, ka fesa. Dole ka ga magani ya fito ta ɗan mitsitsin rami a cikin maƙogwaro, wajen ɓangaren injin, ya kuma fito ta ramin iska da ke bakin baya. In bai fito ba, ba ka gama ba, ko jet ɗin sabo ne fil. Duk wani abu na roba kuma, gaskit ɗin kofi, zoben roba, allurar fulota mai bakin roba, ka ware su gefe, maganin yana kumbura su. Masu kafireta mai tantanin roba a sama, irin ta manyan babura, su ma su kiyaye wannan, su ɗaga tantanin saitin haske su nemi huda.

Mai Gadon CG:
Alhamdu lillahi! Ya kwana a jiƙe, da safe silin waya ya wuce, na ga haske zagaye tsaf. Lungun ma sai a feshi na shida ya buɗe, wani baƙin abu ya fito. Na haɗa, na canza baƙin mai, na juye tsohon fetur na zuba sabo. Kik biyu ya tashi, bayan minti ɗaya na mayar da cok ya tsaya da kansa. Baba Allah ya saka da alheri.

Mai Gadon CG:
Jama'a murna ta koma ciki. Kwana biyu na hau lafiya. Yau na fito na tarar da mai yana ɗiga ta siririyar robar da ke ƙasan kofi, har ya yi tabo a ƙasa. Na tayar da shi kuma ya koma halinsa na da, sai da cok.

Mai Gaggawa:
Me na ce tun ranar farko? Da ka sa sabuwa da yanzu an wuce wurin.

Tsohon Bakanike:
Da ya sa sabuwa da yau sabuwar ce ke yoyo. Ɗana, ka ce ka juye tsohon mai. Tankin fa, ka wanke shi? Garin nan da ka gani a ƙasan kwalba ranar farko, daga ina kake jin ya fito?

Mai Gadon CG:
Gaskiya Baba juyewa kawai na yi. Yanzu na haska tocila ciki, ƙasan duk tsatsa ne.

Tsohon Bakanike:
To laifina ne rabi, da ban gaya maka ba. Ƙwayar tsatsa ɗaya ta zauna a bakin allurar fulota ta hana ta rufewa, ga yoyo. Wata ta shige ƙaramin jet, ga cok ya dawo. Ko sau goma ka wanke kafireta, muddin tankin nan ne ke ba ta mai, aikin baban giwa kake yi.

Sauke tankin, ka cire famfon. A kansa akwai 'yar matata kamar raga, duba ko ta yage, kuma in famfon yana da ɗan kofi a ƙasa buɗe shi ka ga abin da ya tara. Toshe ramin, ka zuba notina kamar hannu guda, ka ƙirga su kafin ka zuba don ka san sun fito duka, ka girgiza ta kowane ɓangare har hannunka ya gaji. Sannan ka cika shi da ruwan kal ya yi kwana ɗaya ko biyu. Ka juye, ka ɗauraye da ruwa mai ɗan bekin soda don ya kashe tsamin, ka sake ɗaurayewa, ka busar da shi nan take. Nan take nake nufi, domin ƙarfen da aka kankare yana sake yin tsatsa kafin ka juya baya. Yana bushewa ka cika shi da mai. Tiyon mai ma canza shi, tsohon yana marmashewa daga ciki, ka sa ƙaramar filta a tsakani, irin ta babur mai haske, ba ta mota ba, don nan nauyin mai ne kaɗai ke tura shi.

Uwar Biyu:
Baba, maganin nan da ake zubawa ya shafe cikin tanki kamar fenti fa? An ce yana hana tsatsa dawowa.

Tsohon Bakanike:
'Yata, yana yi in an share ƙarfen tas an busar da shi sarai. In aka yi shi a kan tsatsa ko danshi, wata rana zai ɓare kamar fatar maciji, kuma fitar da shi ya fi fitar da tsatsa wuya. Tankin da bai huje ba ni ba na shafa masa komai.

Mai Gado, tunda za ka sake buɗe kofi, duba allurar fulota da kyau. In bakinta ya yi zobe, wato ya ci ya yi layi, ko ɗan tsinken da ke bayanta ba ya dawowa in ka danna, canza ta. In fulotar ta tagulla ce girgiza ta kusa da kunne, in ka ji ruwa a ciki ta huje. Gwajin da nake yi kafin in mayar da kofi: in juya kafiretar kai ƙasa, in busa da baki ta inda mai ke shiga. Bai kamata iska ta wuce ba. In na mayar da ita daidai, fulota ta sauka, sai iska ta wuce. Akwai kuma siririn bututun tagulla a tsaye cikin kofi, wanda rarar mai ke bi. Wani lokaci yana tsagewa a tsaye, sai a yi ta canza allura a banza. Cika kofin kaɗai da mai ka riƙe, in ya ɗiga bututun ne.

Mai Gadon CG:
An yi duka. Notina 24 na zuba, 24 suka fito. Allurar ta yi zobe na canza. Yoyo ya tsaya, yana tashi ba gardama. Saura abu ɗaya: in na ja totur na saki, ƙarar ba ta sauka nan da nan, sai ta rataye a sama na ɗan lokaci sannan ta sauko a hankali. Kuma salansa tana ɗan harbi in na saki totur a kan gangara.

Mai Sifana Goma:
Duba kebur ɗin totur tukuna, ko ya bushe ko ka bi da shi ta inda tanki ya danne shi. In ka saki totur ya kamata ka ji fistin ya faɗa da ɗan ƙara, ƙwas. In wannan lafiya, to iska yake sha ta ɓarauniyar hanya. Wuyan da ke haɗa kafireta da injin, robarsa ko zobensa ya bushe. Bar shi a silo ka ɗan fesa magani a wurin haɗin, in ƙarar injin ta canza ka kama ɓarawo.

Tsohon Bakanike:
A nan kam ni da Mai Sifana bakinmu ɗaya. Sai dai feshin ya zama kaɗan, injin bai yi zafi sosai ba, kuma nesa da wayar fulogi da bakin salansa. Filtar iska ma ka duba ta, soson tsofaffin nan yana zama gari in an taɓa shi, ɓeraye kuma suna son akwatin.

Mai Jan Babur:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda an taru. Nawa shekara biyu ya yi a ajiye. Silo lafiya, amma in na yi tafiyar kilomita uku ko huɗu sai ya yi kamar mai ya ƙare ya mutu. In na jira minti biyar ya tashi.

Tsohon Bakanike:
In ya mutu, buɗe murfin tanki nan take ka saurara. In ka ji ya ja iska, fuu, ramin numfashin murfin ne ya toshe, mai ba ya iya sauka. In ba haka ba, bi robar numfashin kafireta har ƙarshenta. Zanzaro yana son ramin nan ya cika shi da laka, na sha cirowa.

Mai Jan Babur:
Zanzaro ne wallahi. Har da ɗansa a ciki.

Mai Gadon CG:
Kebur lafiya. Na fesa a wuyan, ƙarar ta canza nan take. Da na cire na ga zoben robar ya baje ya yi tauri kamar itace, na sa sabo. Ratayewar ta ragu sosai amma ba ta tafi duka ba. Yaya ake saita sukurun man?

Tsohon Bakanike:
Hau shi minti goma ya yi zafi sosai, ba a saiti a kan injin mai sanyi. Fara daga adadin da ka rubuta. Tunda naka yana ɓangaren injin, mai yake sarrafawa: fitar da shi ƙarin mai ne, ɗaure shi ragi. Wanda nasa ke ɓangaren filtar iska, iska yake sarrafawa, nasa akasin haka ne. Juya kwata-kwata, kana jira daƙiƙa goma bayan kowane juyi, ka nemi inda ƙarar ta fi tashi ta kuma fi daidaita. Sannan ka sauko da silo da babban sukurun, ƙananan injina irin wannan wajen juyi 1,400 a minti suke so, amma duba littafin naka. In sai ka fitar da shi fiye da zagaye uku kafin ya yi daɗi, har yanzu akwai toshiya ko iskar sata. Bayan tafiya ka ciro fulogi: ruwan ƙasa-ƙasa shi ake so, baƙi mai gari mai ya yi yawa, fari fat mai ya yi kaɗan. In duk wannan ya yi kuma tashin safe na wuya, sai mu koma kan tazarar bawul, a bar kafireta ta huta.

Uwar Biyu:
Tambayata ta ƙarshe. In mutum zai ajiye babur wata shida, tanki a cike ko a bushe?

Ɗalibin Injiniya:
Na ƙarfe a cike, don kada a bar wa danshi wuri, a zuba maganin da ke hana fetur lalacewa.

Mai Sifana Goma:
Wata shida na yarda. In shekaru ne, a juye tas a ɗan shafe cikin da baƙin mai. Kofin kafireta kuwa ko wata ɗaya ne a rufe famfo a tsiyaye shi, sukuru ɗaya ne.

Mai Gadon CG:
Baba, ina tattara kayan aiki sai na ga wata 'yar ƙaramar washa a kusurwar tiren, ba ta kai ƙwayar idon kifi ba. Na duba hotunan da na ɗauka ban gan ta ba. Ta ina ce?

Tsohon Bakanike:
Ta sukurun mai ce, wadda na ce maka takan maƙale. Ba ita, sifirin yana cin zoben roba kai tsaye, iska na shiga ta nan, ga ragowar ratayewarka. Fitar da sukurun, ka zaƙulo zoben, in ya yage ka canza. Jerin a jikin sukurun: sifirin, washa, sannan roba. Ka tuna zagayenka?

Mai Gadon CG:
Biyu saura kwata. Da alli na rubuta a bangon ɗakin ajiyar, yana nan.